Tutar da Na Ɗinka Na Kuma Warware

Ku yaran yanzu, da kun ga tela ya ɗora ƙafa a keke sai ku ce ai aikin ke nan, taka ka miƙa hannu. Duk wanda ya faɗa mini haka ba na musu da shi. Reza nake ba shi da tsohuwar riga, in ce ya warware mini kalmasa ɗaya ba tare da ya ji wa yadin ciwo ba. Har yau ban ga wanda ya kai ƙarshen layi bai huda ba. Taka keke kowa zai iya cikin wata shida. Sana'ar tana wurin warwara, da kuma tambayar da ake yi kafin a ɗauki almakashi.

Ni ban taɓa shiga aji ba, ko na yini ɗaya, kuma ba don a tausaya mini nake faɗa ba. Masu digiri uku sun tsaya a gabana sun ɗaga hannuwa sama kamar an tare su a hanya, ina auna su. A Jos na koyi aiki, wurin Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifina, Allah ya jiƙanta. Shekara biyu cur ba ta bar ni na zauna a kan keke ba. Aikina sa maɓalli, hura gawayin dutsen guga, da warwara. Da gangan take yin ɗinki a karkace ta jefo mini, ta ce, "Ladi, mayar mini da shi yadi." In na huda ko wuri ɗaya, sai ta ɗaga shi a rana ta leƙo ni ta cikin hudar. Wannan kallon ya fi bulala zafi.

Abu biyu ta dasa mini. Na farko, duk wanda ya kawo yadi, kafin ki taɓa shi ki tambaya: ina za a sa shi? Wandon mai hawa keken hawa daban yake da na mai zaman ofis. Rigar da za a je ta'aziyya da ita ba a matse ta, don a ƙasa za a zauna. Matar da ta ce ki sakar mata ƙugu tana sunkuyar da kai, kin san akwai labari, ki bar mata yadi a ciki yadda za a buɗe nan da wata uku. Na biyu, yadi na mai shi ne, ko ƙyalle ya ragu ki naɗe ki ba shi. Amma ɗinkin naki ne, ke za a tambaya a kansa.

Da yake ba na karanta lambar tef, da igiya nake awo. Gefen yadi nake yagowa, siriri, in yi ƙulli a kafaɗa, ƙulli a ƙirji, a ƙugu, a hannu, a tsawo. A bakin igiyar sai in ɗaura ƙyallen yadin farko da na ɗinka wa mutum, da shi nake gane tasa. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Tef kuwa na ga yadda yake miƙewa in ya tsufa, mai shi bai sani ba.

Zuwana Kuala Lumpur ba don ɗinki ba ne. Ɗana Sani yana karatun digirinsa na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, matarsa ta haihu, aka aiko mini da tikiti in zo wankan jego. Wannan a farkon shekarun dubu biyu ne, maigidana kuma ya riga ya rasu. Kwana arba'in na zo yi. Ranar suna na ga wani ɗalibi da kaftanin shadda mai tsada, amma wuyan a tsaye kamar an sa masa mari, irin yankan rigar mutanen ƙasar. Ya ce telan nan ne ya yi, ya nuna masa hoto har sau uku. Na ce ya cire ya kawo. Da allurar hannu na gyara, a kan tabarma, jaririya na barci a cinyata. Kafin arba'in ta cika, kaftani goma sha ɗaya ne a jibge a falon Sani. Haka kwana arba'in suka zama shekaru.

Keken da na yi aiki da shi a can wurin wani tsoho Basine muka samo shi a Sentul, kusa da tsohon wurin gyaran jiragen ƙasa. Baƙi ne, mai ƙafa, ya girmi Sani. Mutum huɗu suka hau da shi bene na bakwai don ya ƙi shiga lif. A nan na sake zama ɗaliba, domin garin ruwa ne, iska ma jiƙaƙƙiya ce. Allurar da za ta yi mini shekara a Jos, can mako biyu ta yi tsatsa ta bar jan layi a farin yadi. Na koyi ajiye allurai a kwalba da hoda, in shafa wa almakashi mai duk yamma, in daina tara shadda a leda don tana yin fumfuna. Alli ma yana narkewa a hannu, sai na koma zana layi da guntun sabulu. Igiyoyina kuwa na zuba su a wani shuɗin gwangwanin biskit mai murfi da matar Sani ta ba ni.

Yadi a Jalan Masjid India nake saye. In hau jirgin ƙasa daga Sentul, in ƙirga tasha da yatsu, in sauka a wajen babban masallaci in taka. Harshen Malay a bakin masu yadi na koye shi. Kalmar farko da na kama ita ce "boleh", wato zai yiwu. In na ce a rage, Ba'indiye mai shago ya kaɗa kai ya ce ba boleh, sai in murza yadin a yatsa in nuna masa sitaci na zuba. A shekara ta biyu da sun hango ni suke jawo kujera, su ce Makcik ta zo, wato inna.

Cikin masu kawo mini ɗinki, mutum biyu ne sai na gabatar muku da su, don labarin nasu ne.

Ta farko Rifkatu, Maman Bitrus, mutuniyar Pankshin. Mijinta yana koyarwa a wata kwaleji. Ita ce shugabar matan zumunta na cocin 'yan Najeriya, duk ankonsu na Kirsimeti da na Ista ta hannunta yake zuwa mini. Yaya take kirana. Ta iya sa maɓalli da guga, in aiki ya yi yawa takan zo ta zauna mu yi tare, ta yi mini gwate irin na gida, mu yi ta gulmar mazan Jos. A duk garin ita kaɗai ce in na ce Farar Gada ta san warin tumatirin wurin.

Na biyu wani Bature ne ɗan ƙasar Danmak, dogo har sai ya sunkuya a ƙofarmu. Sunansa ya ƙi zama a bakina, na sa masa Dogo, ya karɓa. Ya yi ritaya daga aikin jiragen ruwa, matarsa ta mutu, yana zaune shi kaɗai a wani dogon bene a Sentul. Mijin Rifkatu ne ya turo shi, don babu wandon kanti da ke kai masa idon sawu. Igiyarsa sai da na haɗa gefen yadi biyu. Da guntun Malay muke magana, nasa ya fi nawa. Na tambaye shi aikin me yake yi yanzu, ya ce kullum da safe yana zama gaban kwamfuta ya rubuta wa mutanen ƙasarsu ra'ayinsa su karanta. A kan me? A kan gwamnatinsu. Haraji ya yi yawa. Yara sun daina zuwa coci sai ranar biki. Gidan talabijin na gwamnati da manyan jaridu duk gefe ɗaya suke kallo, abin da ba su so sai su yi kamar bai faru ba. Baƙi kuma suna shigowa ba sa ɗaukar al'adar gari.

Na ce, "Dogo, kai da kake zaune a ƙasar mutane shekara ashirin, har yau da cokali kake cin shinkafa?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Makcik, wannan zan rubuta gobe, amma ba zan ce a kaina aka faɗa ba."

To sai shekarar nan ta zo, wadda wata jarida a ƙasarsu ta buga zanen ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ku da kuke ƙanana ba za ku tuna ba. Ni ban ga zanen ba, ban kuma so in gani. Abin da Sani ya faɗa mini ya isa. Na hana a sayo man shanun gwangwani da madarar ƙasarsu a gidan, kuma har yau ban yi nadamar haka ba. Talabijin kuwa safe da yamma abu ɗaya yake nunawa: taron mutane, wuta, taron mutane, wuta.

Ranar wata Talata Auwalu ya shigo. Ɗan Kano ne, shi ke nemo wa sababbin ɗalibai ɗaki, ya sayar musu da katin waya, ya kai su ofis-ofis. Duk ɗalibin da ya sauka a garin ta hannunsa yake bi, rabin masu kawo mini kaftani shi ya nuna musu ƙofata. Ya ajiye jan yadi da fari, da wata takarda mai zane.

"Mama, tuta muke so. Irin wannan. Kafin Juma'a, boleh?"

"Tutar ina?"

"Ta mutanen nan. An neme ta a duk kantunan garin babu. Ba sai kin wahala ba, ki ɗan harhaɗa kawai."

A nan ne ya kamata in ce, ina za a sa ta? Shekara arba'in ban tsallake tambayar nan ba, ko a kan hular jariri. Ran nan na tsallake. Ba mantuwa ba ce, kada in yi muku ƙarya. Na san amsar, ƙin ji na yi, don ni ma raina a ɓace yake.

Harhaɗawa kuma ban iya ba. Laraba da safe na shimfiɗa jan, na yanka shi gida huɗu, biyu gajeru biyu dogaye, yadda zanen ya nuna. Farin na fitar da ɗauri biyu, faɗin tafin hannuna. Na haɗa da ɗinki biyu-biyu, na kwantar da bakin a ciki yadda ko ta baya aka duba ba za a ga zare ba, na kalmashe gefe huɗu, na yi mata aljihun sanda. A idona yanka shida ne na yadi da kusurwa huɗu da dole su hau daidai, kuma sun hau. Na goge ta, na rataye a ƙofar ɗaki ta gajeren gefen don ɗinkin ya zauna.

Da la'asar Rifkatu ta shigo da babbar jaka, atamfar ankon Ista ta mata goma sha takwas. Ta ajiye, ta ɗago kai, sai fuskarta ta washe.

"Kai, Yaya! Wace coci ce ta ba ki aiki kika ɓoye mini? Dubi kyau!"

Na juya na kalli ƙofa. A kwance na ɗinka ta, a kwance na gan ta a takarda. Yanzu da take rataye a tsaye, farin gicciye ne sak, irin wanda ke wuyan Rifkatu.

Na ce, "Ba coci ba ce. Tutar Danmak ce. Ta su Auwalu."

Ta sake duban ƙofar. Sannan ta ce, "Me za su yi da ita?"

"Ban tambaya ba."

"Ke? Ke da kika tambaye ni inda zan sa ɗankwali?"

A makon nan labari ya riga ya zo daga gida cewa rikicin zanen ya faɗa wani gari a Arewa, an ƙona coci-coci, an kashe mutane, daga baya a Kudu ma aka rama a kan namu. Ƙanin Rifkatu, Istifanus, yana garin farko. Ta ce mini kwanansa huɗu a barikin soja da yara uku, da kayan jikinsu kawai.

"Shi Istifanus ya san inda Danmak take? Ko fensir bai iya riƙewa ba. Yanzu kuma za a nuna a talabijin ana cinna wa wannan wuta, matarsa ta gani daga bariki, kuma hannunki ne ya yi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta sunkuya ta ɗauki jakarta, ta ce sai an jima, ta fita. Ba ankon ne kawai ya fita ƙofar nan ba, na sani.

Alhamis da hantsi sai ga Dogo, ya zo karɓar wando. Na manta ranarsa ce, tutar na nan a rataye. Ya tsaya ya dube ta. Ya matsa ya juya bayanta, ya bi ɗinkin da yatsa.

"Makcik, ko a gida ban ga mai kyan wannan ba. Ta ƙonawa ce?"

Na ce, "Mutanenka ne suka jawo."

Ya zauna a kan kujerar awo, gwiwoyinsa har ƙirji. Ya ce shi ma ya yi rubutu a kan maganar. Na ce me ka rubuta? Bai ɓoye ba. Ya ce ya rubuta cewa zanen bai burge shi ba, amma a ƙasarsu gwamnati ba ta da ikon hana jarida, don haka kada shugabansu ya ba da haƙuri a kan abin da ba shi ya yi ba. In aka ba da haƙuri yau saboda tsoro, gobe wani zai zo da nasa.

Na ce, "In maƙwabcinka ya zagi uwata a gabanka, ka ce mini bakinsa ne, yana da iko, kai me ka zama?"

Ya ce, "Zan ce masa ba shi da kunya. Amma ba zan kira ɗan sanda ba."

"To ka rubuta ba su da kunya?"

Ya shafa kai. "Na rubuta a layi na ƙarshe."

"Da ka sa a na farko."

Sai ya sake nuna tutar, ya ce bari ya faɗa mini wani abu da masu talabijin ba sa faɗa, nasu da na nan duka, don wuta ce ke sa a kalle su. Ya ce a ƙasarsu tutar nan kamar kayan gida take, ana kafa ƙananan a kan kek ɗin ranar haihuwa, a tarbi baƙo da ita a filin jirgi. In kuma ta tsufa ta koɗe, ba a jefa ta a shara. Ƙona ta ake yi, shi ne girmamawarta. Mahaifinsa da hannunsa yake ƙona tasu a bayan gida, ya cire hula.

Na ce, "Tsaya. In an ƙona ta ba ta yi muku ciwo?"

"Ana jin haushin niyyar. Amma masu jaridar nan murna ma suke yi, hoto ya samu na shafin farko."

Na zauna ina kallon ƙofa. Wato wutar da za a kunna da aikina, waɗanda aka nufa da ita ba za ta ƙona su ba. Wadda za ta ƙona tana nan bene biyu daga namu, ita ce mai yi mini gwate.

Dogo ya ce in sayar masa, ranar haihuwarsa ta kusa. Na ce ba tawa ba ce, yadin mutane ne. Na naɗe masa wandonsa. Sannan na buɗe gwangwani na zaro doguwar igiyarsa na ɗora a kai. Ya gane. Na ce ya riƙe ta a wurinsa har zuciyata ta huce, don ba zan iya durƙusa ina auna ƙafar mutumin da ya sa rashin kunyar a layin ƙarshe ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuya ya fita.

Bayan azahar na jawo tabarma bakin taga inda haske yake, na sa sabuwar reza. Ku da kuke ganin sauƙi, ku saurara. Ɗinki biyu-biyu da aka kwantar da bakinsa ba a jan sa. Zaren ƙasa ake nema, a yanke ɗaya a tsallake huɗu, a yanke ɗaya a tsallake huɗu, sannan a juya a zare na sama a hankali ya fito ɗungurungum. Jan yadi kuma yana zuba, in hannu ya yi gumi zai bar shaida a kan farin, sai da na riƙa goge yatsu da tsumma. Abin da na ɗinka cikin awa biyu, sai da aka kira magariba na gama raba shi. Na fesa ruwa, na bi ramukan allura da farce har suka rufe, na goge. Ko huda ɗaya babu. Abin da almakashi ya yi ne kawai ba ni da maganinsa, don haka na ciro sabon jan yadi da fari daga nawa, tsawon wanda aka kawo, na haɗa wa Auwalu da yankakkun.

Juma'a da safe Auwalu ya zo da fara'arsa. Ya buɗe leda, ya ɗaga ƙyalle ɗaya, ya ɗaga na biyu.

"Mama, ba ki fara ba?"

"Na gama. Na warware."

"Kamar yaya kin warware?"

"Ga yadinka cif, ga abin da ka bayar. Ɗinkin nawa ne, na ɗauke abina."

Ya ce ashe ba na kishin Manzon Allah. Na ce ya iya bakinsa, tun kafin uwarsa ta yi wayo nake salati. Na ce in tuta yake so mai rubutun yabon Annabi, ya kawo kore ko fari, in yi masa kyauta in kuma riƙe masa gefe ɗaya har bakin masallaci. Amma ba na ɗinka wa wuta, balle abin da ke wuyan maƙwabciyata.

"Wannan ba kuros ba ne, Mama, tutar ƙasa ce!"

"Rataye ta a tsaye ka gani."

Idonsa ya faɗa kan gwangwanin igiyoyina. Ya ce, "Ko wannan ma nasu ne, ga sunan ƙasar a jiki." Na ce biskit ɗin an cinye shi shekara uku da suka wuce, in yana so ya bi cikin Sani ya karɓo. Bai yi dariya ba. Ya kwashi kayansa ya buga ƙofa.

Daga ran nan ƙafa ta ɗauke. Magana ta zaga cewa tsohuwar Sentul tana yi wa ɗan Danmak ɗinki ta ƙi yi wa Musulmi. Wasu suka aiko a karɓar musu yadinsu ba a taɓa ba. Sani ya sha kallo a masallacin makaranta, ya dawo ya ce, "Inna, da kin faɗa mini tukuna." Na ce da na faɗa wa kaina tun ranar Talata. Sati uku keke na rufe da zani, ina buɗewa kawai in ɗiga masa mai don kada tsatsa ta cinye shi. Har na fara cewa a nemo mini tikitin gida.

Gulmar da ta kore mini mutane ita ce ta kai wa Rifkatu labari. Saura mako biyu Ista ta turo ƙofa da jakar nan, ba ta ko buɗe ta ba tun ranar.

"Yaya, an ce kin koma tamu. Na zo in ji ko gaskiya ne in kawo miki littafin waƙa."

Na ce, "Allah ya kiyaye. Shigo ki rufe mini ƙofa, sauro."

Riga goma sha takwas da zani da ɗankwali cikin kwana goma sha uku. Ina yanka ina takawa, tana guga tana maɓalli, abinci sai dai a yo mana tapau, wato ƙunshi, daga shagon mamak, masu sayar da abinci na ƙasan bene. Ba mu tayar da maganar tuta ba. Na tambayi Istifanus, ta ce ya kwashe iyali sun koma Pankshin. Matan nan su suka riƙe ni duk tsakiyar shekarar, wannan ta kawo siket, waccan ta kawo kayan makarantar yara. Ban manta ba, kuma ba zan manta ba.

Dogo sai bayan wata bakwai na aika mijin Rifkatu ya ce masa ya kawo igiyarsa. Ya zo da ita a naɗe cikin ambulan. Ƙullin ƙugu sai da na matsar da shi yatsa uku. Ya ce ya rubuta labarina a kwamfutarsa, mutane kaɗan ne suka karanta, don babu wuta a ciki. Na ce ka canza ra'ayi? Ya ce a'a. Ya ce ke fa? Na ce a'a. Na ce to miƙe tsaye sosai, kana karkata mini awo.

Ɗalibai kuwa azumi ne ya dawo da su. Sallah ta matso, an kai shadda wurin telolin gari, wuya ya sake fitowa kamar mari. Ɗaya ya fara zuwa a ɓoye, sai biyu, sai layi har matakala. Ban yi wa kowa gori ba. Igiyoyinsu na nan a gwangwani, ban jefar da ko ɗaya ba.

Na gode wa Allah da sana'ar nan. Ta kai ni ƙasar da ban san sunanta ba, ta sa na ci abincina da hannuna har tsufa, ta aurar mini da 'ya'ya biyu. Na gode wa Gwaggo Hansai da shekara biyun da na ɗauka mugunta ce.

Auwalu shi ne na ƙarshen dawowa, bayan Babbar Sallah. Ya yi sallama a bakin ƙofa ya ƙi shigowa sai da na ce masa ƙofar ba ta cizo. Leda ce a hannunsa. Ya buɗe, sai ga jan nan gida huɗu da farin ɗauri biyu, a ninke yadda na ninke su, ko layin gugata bai baje ba.

"Mama, ko za a iya yin wani abu da wannan? Yadin mai kyau ne, ya ƙi jefuwa."

Ban taɓa shi ba. Na naɗe hannuwana a ƙirji.

"Ina za a sa shi?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Maiɗakina ce. Wata mai zuwa, in Allah ya sauke ta lafiya. Ta ce ba ta da zanen goyo."

Na jawo yankan nan, na jera su a tabarma. Dogayen biyu za su yi tsakiya, gajerun su yi gefe, farin ya zagaye baki ya zama kalmasa mai laushi da ba za ta ci wuyan jariri ba. Na ɗaga zanin da ke kan keke, na ce masa ya je ya turo ta in auna bayanta, don ba a yanka zanen goyo da ka.